Sauya Tsohon Faifan Kwamfuta da Sabo: Darasi daga Hartum da Umdurman

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya daɗe yana aiki da kwamfuta, wata rana sai wannan tambaya ta taso masa: shin faifan da ke ɗauke da ayyukansa ya isa sauyawa, ko kuwa a ƙyale shi tunda bai nuna gazawa ba? Tambayar ta shafi ɗalibin da ke rubuta kundin digiri, ta shafi malamin da ya tara muryoyin mawaƙa da masu tatsuniya, haka kuma ta shafi hukumar da aka ɗora wa alhakin adana tarihin ƙasa. Sauyawa na cin kuɗi da lokaci. Rashin sauyawa kuwa na iya cinye aikin shekaru a dare ɗaya.

Wannan takarda za ta yi bayanin yadda faifan yake aiki, da abin da bincike ya gano game da tsawon ransa, sannan ta kawo hanyar yanke shawara. An ɗauko misalai daga Hartum da Umdurman, birane biyu da Kogin Nilu ya raba a ƙasar Sudan. Waɗannan birane ba baƙi ba ne ga Hausawa. A da, ta Sudan alhazan ƙasa suke bi zuwa Makka, da yawansu kuma suka zauna can, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903. Ɗalibai daga Nijeriya da Nijar sun yi karatu a jami'o'in Hartum shekaru masu yawa. Bugu da ƙari, yaƙin da ya ɓarke a can a 2023 ya jarraba ma'adanan bayanai jarrabawa mai tsanani. Abin da takardar za ta nuna shi ne, shekarun faifai suna da muhimmanci, amma yawan kwafi da nisan da ke tsakanin kwafin sun fi su muhimmanci.

2.0 Faifan Ajiya da Yadda Yake Aiki

A wannan takarda, "faifan ajiya" na nufin na'urar da ke riƙe rubuce-rubuce da hotuna da muryoyi a cikin kwamfuta ko da an kashe wuta. Da Larabci ana kiransa "alƙursus sulb", wato faifai mai tauri. Kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a 1956. Na farkon yana da faya-fayai 50, girmansa ya kai na babban kabad, amma abin da yake iya ɗauka bai wuce haruffa miliyan 5 ba. A yau akwai faifan da bai fi ƙaramin littafi girma ba, yana ɗaukar sama da terabait 20, kowane terabait kuwa gigabait 1,000 ne.

Wanda ya san garmaho zai yi saurin fahimtar ƙirarsa. A cikin akwatin akwai faya-fayai da aka shafe da sinadarin maganaɗisu, injin yana juya su sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Akwai kuma hannu mai ɗauke da allurar da ke rubutu da karatu. Bambancin shi ne allurar garmaho tana taɓa faifai, ita kuwa wannan shawagi take yi a kan iska, a tazarar da ta fi kaurin gashin kai ƙanƙanta sau dubbai. Idan faifan ya faɗi yana aiki, allurar na iya kartar fuskarsa, abin da ke wurin ya salwanta.

Daga wannan bayani za a ga cewa faifan ajiya inji ne mai motsi, kuma duk inji mai motsi yana cinyewa. Man da ke cikin injin yana bushewa, allura tana raunana, allon lantarkin da ke ƙarƙashi yana iya ƙonewa. Saboda haka babu faifan da ba zai mutu ba.

3.0 Abin da Bincike Ya Nuna

A 2007 injiniyoyin kamfanin Google suka wallafa sakamakon binciken da suka yi a kan faifai fiye da 100,000. Sun gano cewa kimanin kashi 1.7 cikin ɗari ne ke mutuwa a shekarar farko, amma adadin ya haura kashi 8 a tsakanin masu shekara uku. A wannan shekara kuma wasu masana biyu na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, Bianca Schroeder da Garth Gibson, suka nuna cewa a manyan cibiyoyi akan sauya kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari na faifai duk shekara, abin da ya zarce alƙawarin da masu ƙerawa suke rubutawa a takardunsu.

Kamfanin Backblaze, mai sana'ar ajiye wa mutane bayanai, ya fitar da nasa lissafin a 2013. A cikin wata 18 na farko, mutuwar ta kai kashi 5.1 a shekara. A wata 18 na biye ta sauka zuwa kashi 1.4. Bayan shekara uku sai ta tashi zuwa kashi 11.8. Kusan kashi 80 na faifan sun kai shekara huɗu suna aiki. Lissafin kamfanin na 2023 da 2024 ya nuna an samu ci gaba, domin mutuwar ta tsaya ƙasa da kashi 2 a shekara.

Abubuwa biyu ne suka fito fili a nan. Na farko, sabon faifai ma yana da nasa haɗari, domin wanda ya fito daga masana'anta da aibi yakan mutu a watannin farko. Na biyu, haɗarin yana ƙaruwa idan faifai ya tsufa. Ke nan wanda ya kwashe komai daga tsohon faifai mai lafiya ya zuba a sabo, ya kuma goge tsohon nan take, bai tsira ba tukuna.

Ajiye faifai a kabad ba tare da kunnawa ba shi ma ba ya hana shi lalacewa. A 2024 kamfanin Iron Mountain, wanda ke adana kayan kamfanonin kiɗa, ya bayyana cewa kimanin ɗaya cikin biyar na faifan shekarun 1990 da ake kawo masa ba sa karantuwa. Ga kuma matsalar mahaɗi. Faifan wancan zamani suna amfani da faffaɗar igiyar da ake kira IDE, wadda SATA ta fara maye gurbinta tun 2003, kuma kwamfutocin yanzu ba su da ramin da za a cusa ta.

4.0 Yanayin Hartum da Umdurman

Alƙaluman da suka gabata an tattara su ne a ɗakuna masu sanyi da tsabta, inda wuta ba ta yankewa. Dole ne mai karatu ya auna su da yanayin inda yake zaune.

4.1 Zafi da Ƙura da Wutar Lantarki

Hartum na cikin manyan biranen duniya mafiya zafi. A watannin Afrilu da Mayu da Yuni zafin rana yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Yawancin faifai an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 55 zuwa 60 ba, kuma cikin kwamfuta kullum ya fi ɗaki zafi. Binciken Google ya nuna cewa matsakaicin zafi ba ya cutar da faifai kamar yadda ake zato a da, amma zafi mai yawa ya fi yi wa faifai mai shekara uku ko huɗu illa.

Akwai kuma guguwar ƙurar da mutanen Sudan suke kira "habub", wadda kan turnuƙe birnin gab da damina. Ƙurar ba ta cika shiga cikin faifan kansa ba, sai dai tana toshe fanka da ƙofofin iska na kwamfuta, zafi ya taru. Yankewar wuta ita ma matsala ce tsohuwa a biranen biyu. Idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, fayil na iya gurɓata, idan kuma ta dawo da ƙarfi tana iya ƙona allon lantarki. Mutumin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya san duk waɗannan, domin zafin bazara da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta ba su bar shi ba.

4.2 Takunkumi da Kasuwa

Daga 1997 zuwa 2017 Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki. Wannan ya sa sayen kayan kwamfuta kai tsaye daga manyan kamfanoni ya yi wuya, sai dai a bi ta hannun 'yan kasuwa masu shigo da kaya daga wasu ƙasashe. A irin wannan hali garantin kamfani ba ya da amfani sosai, kuma faifan da aka yi amfani da shi yana iya shiga kasuwa da sunan sabo. Don haka shawarar "a sauya faifai duk shekara uku", wadda ke da sauƙin faɗa a Turai, tana da nauyi ga malamin da albashinsa ke narkewa saboda faɗuwar darajar kuɗi.

4.3 Yaƙin 2023

Ranar 15 ga Afrilu, 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun kai ɗaukin gaggawa na RSF. Manyan ma'adanan tarihin ƙasar duk suna cikin biranen nan biyu. A Hartum akwai Hukumar Adana Takardun Ƙasa mai ɗauke da miliyoyin takardu, da Gidan Tarihi na Ƙasa, da Jami'ar Hartum wadda harabarta ke kusa da hedikwatar soja. A Umdurman akwai gidan rediyon ƙasa, wanda ya fara watsa shirye-shirye a 1940, da gidan talabijin, tare da taskarsu ta waƙoƙi da jawabai da finafinai.

Dakarun RSF sun mamaye harabar rediyo da talabijin tun farkon yaƙin, sojoji ba su ƙwato ta ba sai a watan Maris na 2024. A watan Mayu na 2023 gobara ta cinye ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir ta nazarin Sudan da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman. An wawashe Gidan Tarihi na Ƙasa, kuma girman ɓarnar ya bayyana bayan sojoji sun koma tsakiyar Hartum a watan Maris na 2025. Miliyoyin mutane sun bar gidajensu cikin gaggawa, aka fasa gidaje da ofisoshi aka kwashe kaya, ciki har da kwamfutoci.

A wannan hali faifan da aka saya jiya da wanda ya shekara goma duk ɗaya suke. Abin da ya tsira shi ne abin da ke da kwafi a wani wuri. Alal misali, aikin Sudan Memory, wanda aka yi da haɗin gwiwar Kwalejin King's ta Landan da cibiyoyin Sudan tun kafin yaƙi, ya ɗauki hotunan dubban takardu da kayan tarihi, kuma abin da aka ɗora a shafinsa na intanet ya ci gaba da samuwa. Haka nan finafinan Jadallah Jubara, ɗaya daga cikin magabatan shirya fim a Sudan, wanda ya rasu a 2008. An rushe ɗakin aikinsa na Hartum a shekarar da ya rasu, amma daga 2013 aka mayar da finafinansa zuwa tsarin kwamfuta da taimakon cibiyar Arsenal ta Balin a Jamus, don haka akwai kwafinsu a wajen ƙasar.

5.0 Yadda Ake Yanke Shawara

5.1 Tambayar Farko

Kafin a tambayi shekarun faifai, sai a tambaya: in ya mutu yau, me za a rasa? Ɗan lissafi zai taimaka a nan. A ɗauka cewa kowane faifai yana da haɗarin mutuwa na kashi 2 cikin ɗari a shekara. Ofishin da ke da faifai 20, yiwuwar aƙalla ɗaya ya mutu cikin shekara ta kai kusan ɗaya cikin uku. Amma idan fayil yana kan faifai biyu, yiwuwar duka biyun su mutu a shekara guda ita ce 4 cikin 10,000.

Wannan lissafi yana da sharaɗi, wato kada abu ɗaya ya iya halaka su tare. Faifai biyu a ɗaki ɗaya gobara ɗaya ce za ta ci su, ɓarawo ɗaya ne zai ɗauke su. Ambaliya ma haka, kuma Hartum ta ga manyan ambaliyoyi a 1988 da 2020. Shi ya sa masu adana bayanai suke bin ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Darasin Sudan ya ƙara da cewa nisan ya kamata ya wuce unguwa ko birni, idan abin da ake adanawa ba shi da madadi.

Saboda haka wanda kuɗinsa bai wuce na faifai ɗaya ba, kuma ba shi da kwafin ko-ta-kwana, gara ya sayi sabon ya mai da shi kwafi na biyu, ya bar tsohon yana aiki.

5.2 Alamomin da ke Wajabta Sauyawa

Kowane faifai na zamani yana da tsarin duba lafiyar kansa da ake kira SMART. Ana karanta rahotonsa da manhajoji na kyauta irin su CrystalDiskInfo. Lamba ta 9 a rahoton tana nuna yawan awoyin da faifan ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka faifan da ya nuna awa 43,800 ya yi aikin shekara biyar cur. Da wannan lamba ne mai saye zai iya gane tsohon faifan da aka sayar masa da sunan sabo, ko da yake wasu 'yan damfara suna goge ta. Lamba ta 5 tana ƙirga gurabun da suka lalace aka kauce musu, lamba ta 197 da ta 198 kuma suna ƙirga gurabun da suka ƙi karantuwa.

A sauya faifai ba tare da jinkiri ba idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

(a) Lambobi na 5 ko 197 ko 198 sun tashi daga sifiri, musamman idan suna ƙaruwa.
(b) Ana jin ƙarar ƙwas-ƙwas ko gurnani daga cikinsa.
(c) Fayiloli suna ɓacewa ko suna ƙin buɗewa, ko kwamfuta tana daskarewa wajen kwafi.
(d) Ya taɓa faɗuwa yana aiki, ko ruwa ya shige shi.

Binciken Google ya nuna cewa faifan da aka samu kuskuren farko a fuskarsa ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Sai dai binciken ya kuma gano cewa fiye da kashi 36 na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama ba kafin mutuwarsu. Ke nan rahoto mai kyau ba tabbaci ba ne.

5.3 Shekaru da Irin Aikin

Idan babu alamar cuta, sai a dubi shekaru da nauyin aikin. Garantin kamfanoni yakan tsaya tsakanin shekara biyu da biyar, wannan kuma ma'auni ne mai amfani. Faifan da ya wuce shekara biyar, a ƙasa mai zafi da ƙarancin wuta, bai kamata a bar masa abu mai daraja shi kaɗai ba. Ana iya rage masa matsayi, ya koma riƙe kwafi na uku ko abubuwan da za a iya sake samu. Hausawa na cewa sabo turken wawa. Daɗewar faifai yana aiki lafiya ita ce takan sa mai shi ya saki jiki.

5.4 Da Me Za a Sauya?

Akwai zaɓi uku. Na farko, sabon faifai mai juyawa, wanda ya fi araha idan bayanan suna da yawa. Na biyu, na'urar SSD wadda ba ta da wani abu mai motsi. Ta fi sauri, ta fi jure faɗuwa da girgiza, ba ta cin wuta sosai, don haka ta fi dacewa da kwamfutar tafi-da-gidanka. Rauninta shi ne tana riƙe bayanai da cajin lantarki, wanda ke zurarewa a hankali idan aka daɗe ba a kunna ta ba, zafi kuma yana hanzarta zurarewar. Ƙa'idar masana'anta ta tanadi cewa SSD da ta ƙare ƙarfinta ta riƙe bayanai shekara ɗaya a zafin digiri 30. Ba ta dace da ajiyar shekaru a ɗaki mai zafi ba.

Na uku shi ne rumbun intanet, wato a biya wani kamfani ya ajiye kwafi a na'urorinsa na wata ƙasa. Wannan ya warware matsalar nisa, amma yana buƙatar layin sadarwa da hanyar biyan kuɗi. A watan Fabrairu na 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duk sun katse a Sudan, mutane da yawa suka yi makonni babu intanet. Don haka rumbun intanet ƙari ne a kan faifan hannu.

5.5 Matakan Sauyawa

Kwashe terabait 4 yakan ɗauki awa 7 zuwa 8 idan komai ya tafi daidai, kuma wannan dogon karatu yana wahalar da faifai mai rauni. Saboda haka a fara da abin da ya fi daraja, a tanadi batirin riƙe wuta ko sola kafin a soma. Bayan an gama a buɗe fayiloli a gwada, ko a yi amfani da manhajar da ke gwama kwafi da asali. Kada a goge tsohon faifai sai sabon ya yi wasu watanni yana aiki. Idan faifai biyu za a saya, ya fi kyau su bambanta a kamfani ko lokacin ƙira, domin 'yan tukunya ɗaya sukan zo da aibi iri ɗaya. A rubuta ranar saye a jikin kowanne.

Daga ƙarshe, faifan da za a sayar ko a yar, a shafe shi da manhajar da ke rubutu a kan kowane gurbi, ko a fasa shi, domin gogewa ta yau da kullum ba ta kawar da bayanai. Faifan da ke ɗauke da sunayen mutane ko hirarrakin bincike kuma ya kamata a kulle shi da kalmar sirri tun yana aiki, saboda wanda ya sace na'ura ya sace abin da ke cikinta.

6.0 Kammalawa

An ga cewa faifan ajiya inji ne mai ƙarewa, cewa haɗarinsa ya fi yawa a watannin farko da kuma bayan ya tsufa, kuma alamomin gargaɗi ba kullum suke bayyana ba. Faifan da ya nuna cuta a sauya shi nan take. Wanda ya wuce shekara biyar a rage masa nauyi. Wanda ke da lafiya a bar shi, amma a yi masa abokin ajiya a wani gari.

Ƙasar Hausa tana da nata taskoki: Gidan Arewa da Ma'adanar Takardun Ƙasa a Kaduna, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidajen rediyo masu riƙe da muryoyin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya, da sassan harsuna na jami'o'i, da masu shirya finafinai a Kano. Ya dace kowace irin wannan cibiya ta ƙirga faifanta, ta rubuta shekarun kowanne, ta kuma ƙulla yarjejeniya da takwararta ta wani gari ko wata ƙasa don musayar kwafi. Masu iya magana sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.